Ciwon afendis ba ya jiran annoba ta wuce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan lafiya ne, Hausawa mazauna Makka da Jidda. A cikinmu akwai masu aikin ɗakin tiyata, da masu jinya, da masu ɗaukar hoton ciki. Muna roƙon fili a jaridarka saboda wata magana da ke yawo tsakanin 'yan uwa, a zaurukan WhatsApp da wuraren zaman biki, wai tun lokacin korona likitoci suka gano cewa afendis ba ya bukatar tiyata, ƙwayoyi kawai za a sha ya lafa. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma an yanke mata sharuɗɗanta, kuma sharuɗɗan da aka yanke ɗin su ne ke raba wanda zai kwana ɗaya a asibiti da wanda zai yi mako biyu da roba a ciki.

Afendis wani ɗan siririn hanji ne da ke manne a farkon babban hanji, a ƙasan ciki ta hannun dama. Tsawonsa a babban mutum yakan kai santimita 6 zuwa 10. Kamar lungu yake wanda ba ya ɓullewa, ƙofa ɗaya ce shiga da fita. Idan ƙofar ta toshe, majinar da bangonsa ke fitarwa ba ta da inda za ta bi. Abin da ke toshe ta yawanci busasshen bayan gida ne da ya dunƙule ya zama tsakuwa, ko kuma kaluluwar bangon ta kumbura bayan mura ko gudawa, wanda ya fi yawa a yara da matasa. Wani lokaci tsutsar ciki ce, jefi-jefi kuma a manya ƙari ne. Da ya toshe sai ya cika ya yi tauri, ƙananan jijiyoyin da ke fitar da jini daga bangonsa su matse, ƙwayoyin cuta na hanji su yi yawa a ciki. Idan aka ci gaba a haka, jinin da ke shiga ma ya yanke, wani sashe na bangon ya mutu ya yi baƙi, ya huje. Mugunya da bayan gida su zuba cikin ciki. Kusan mutum 7 ko 8 cikin 100 za su gamu da wannan ciwo a rayuwarsu, kuma ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 30.

Yadda ciwon ke tafiya ma yana bin wannan tsari. Da farko mutum zai ji murɗa a wajen cibiya, ba zai iya nuna wurin da yatsa ɗaya ba. Abinci ya fita masa a rai, zuciya ta riƙa tashi, ya yi amai sau ɗaya ko biyu. Cikin awa 12 zuwa 24 ciwon ya sauko ƙasan dama ya tsaya. A lokacin yakan nuna wurin da yatsa. Tari na ƙara masa zafi, yana tafiya a duƙe yana dafe da gefen, in an sa shi a mota kowane tudun rage gudu sai ya cije leɓe. Zazzaɓin farko ba mai zafi ba ne, 37.5 zuwa 38. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya nuna cewa haɗarin fashewa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba a awa 36 na farko, daga nan kuma yana ƙaruwa da kusan kashi 5 cikin 100 duk awa 12. Ma'ana kwana ɗaya da rabi na farko su ne damar mara lafiya. Ƙananan yara ba su da ko wannan damar sosai, shi ya sa fiye da rabin 'yan ƙasa da shekara 5 ake kawo su abin ya riga ya fashe.

To, a tuna yadda 2020 ta kasance a nan. Ranar 27 ga Fabrairu aka dakatar da Umara ga masu zuwa daga waje. Ranar 2 ga Maris aka samu mutum na farko da korona a Saudiyya, a garin Ƙaɗif. Ranar 23 ga Maris dokar hana fita ta fara, daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Ranar 30 ga Maris aka killace wasu unguwannin Makka, ciki har da Hosh Bakar da Misfala da Nakkasa da Ajyad, inda jama'armu ke da yawa. Ranar 2 ga Afrilu kullen ya zama na awa 24 a Makka da Madina, kwana biyu bayan haka aka rufe wasu unguwannin kudancin Jidda kamar Gulel da Kilo 14. Azumi ya shigo ranar 24 ga Afrilu ana cikin kulle, Sallah ta zo ana cikin kulle, ba a ɗage dokar gaba ɗaya ba sai 21 ga Yuni.

Dokar ba ta hana mai larurar gaggawa zuwa asibiti ba. An ware masu neman magani, motocin agaji na 997 suna aiki, layin 937 na Ma'aikatar Lafiya yana amsawa dare da rana. Abin da ya tsare mutane a ɗaki tsoro ne, kuma tsoron iri-iri ne. Wani yana gudun kada ya je asibiti ya kwaso korona. Wani yana da zazzaɓi, ya san da an auna goshinsa a ƙofa za a ware shi a yi masa gwajin hanci, ƙila a killace gidan duka, alhali mutum goma ne a ɗaki biyu kuma kowa na da mai jiran abin da zai aika gida. Wanda igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta mutu ko ba shi da ita kwata-kwata, nasa tsoron ya fi na kowa, don tsakaninsa da asibiti akwai shingen askarawa. Gaskiya ne ranar 30 ga Maris Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da waɗanda suka saɓa dokar zama, ba tare da an hukunta su ba. Amma umarnin a kan korona yake, mai ciwon ciki kuwa bai san a wane layi za a sa shi ba, sai ya zaɓi ya jira gari ya waye, gobe ma ya jira. Ga azumi, wanda ya ba kowane ciwon ciki uzuri: ai sambusa ce ta buɗa-baki, ai ruwan sanyi ne ya yi yawa. An gudu wa gara, an faɗa gidan zago.

Rahotannin da asibitoci suka fitar daga ƙasashe da dama sun yi kama da juna. Yawan masu zuwa da afendis ya ragu a watannin kulle, amma a cikin waɗanda suka zo, kason waɗanda nasu ya ruɓe ko ya fashe ko ya tara mugunya ya ƙaru, kuma sun fi daɗewa da ciwon kafin su iso. A nan akwai abin lura da masu yaɗa maganar ƙwayoyi ba su faɗa. Raguwar masu zuwa ta ƙarfafa wani ra'ayi da likitocin tiyata suka daɗe suna tattaunawa, cewa afendis kusan iri biyu ne: akwai mai sauƙi wanda wani lokaci yakan lafa da kansa, akwai kuma mai saurin ruɓewa wanda ba ya tsayawa. Wasu daga cikin waɗanda suka zauna a gida sun warke, babu musu. Matsalar ita ce daga kan katifa ba wanda zai iya sanin wanne ne ya kama shi, don a rana ta farko duka biyun kamanninsu ɗaya. Hoto da gwajin jini ne ke rarrabe su.

A ɓangaren asibiti ma annobar ta juya abubuwa. Kafin korona, yawancin afendis a manyan asibitocin ƙasar nan da kyamara ake cire shi. Ana huda ciki wuri uku, ɗaya a cibiya mai faɗin milimita 10 zuwa 12, biyu ƙanana masu milimita 5, a hura iskar kabon dayoksaid don ciki ya buɗe a ga wurin aiki. Da korona ta zo sai aka shiga fargabar cewa iskar nan da hayaƙin na'urar ƙona jijiya za su iya ɗauko ƙwayar cutar su watsa wa ma'aikata idan an sako su. Sa bututun numfashi a maƙogwaro lokacin barcin tiyata shi ma yana watsa tururin numfashi. A ƙarshen Maris 2020 ƙungiyoyin likitocin tiyata na Birtaniya suka ba da shawarar a yi taka-tsantsan da aikin kyamara, a gwada magani ga afendis mara rikici, in tiyata ta zama dole a yi ta yanka. Binciken da aka yi can a kullen farko ya nuna fiye da rabin manya masu afendis da magani aka fara musu. Daga baya fargabar hayaƙin ba ta tabbata yadda aka zata ba. Aka sa matata a bakin bututun fitar da iska, aka rage matsin iskar, aka daina sakin ta haka kawai cikin ɗaki, ma'aikata suka sa takunkumi mai tace iska da gilashin fuska, aikin kyamara ya dawo.

Akwai dalili na biyu mai nauyi. A watan Mayun 2020 mujallar Lancet ta buga sakamakon marasa lafiya 1,128 daga ƙasashe 24 waɗanda aka yi wa tiyata iri-iri suna ɗauke da korona. Kusan rabinsu sun samu matsalar huhu, kuma kashi 23.8 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30. Yawancin waɗanda suka rasu tsofaffi ne da waɗanda aka yi wa babbar tiyata, ba matasa masu afendis ba, kuma a lokacin babu allurar rigakafi. Duk da haka adadin ya isa ya sa kowane likita ya yi tunani sau biyu kafin ya sa mai korona barci. Ga gadaje sun cika, ɗakunan tiyata an mayar da wasunsu na masu numfashi da na'ura, sakamakon gwajin hanci a farkon annobar yakan ɗauki yini ko fiye. Wannan ne asalin komawa ga magani. Larura ce ta kawo shi, sai dai larurar ba ta rasa hujja ba.

Hujjar ita ce bincike biyu. Na farko a Finlan aka yi, ana kiransa APPAC, an buga shi a 2015, mutum 530. Duk sai da aka yi musu hoton siti, wato hoton CT mai nuna cikin ciki yanki-yanki, aka tabbatar afendis ɗin bai fashe ba, babu mugunya, babu tsakuwa. Waɗanda aka ba magani an kwantar da su kwana 3 ana ba su ta jijiya, sannan suka sha ƙwayoyi kwana 7. Cikin shekara ɗaya kashi 27 cikin 100 sun koma an yi musu tiyata, cikin shekara 5 adadin ya kai kashi 39. Na biyu shi ne CODA na Amurka, mutum 1,552, wanda ya fito a Oktoban 2020, ana tsakiyar annoba, kuma daga shi ne labarin ya bazu a duniya. Magani na kwana 10 aka ba su. Cikin kwana 90, kashi 29 cikin 100 an cire musu afendis ɗin. Da aka raba su, masu tsakuwa kashi 41 ne suka ƙare a ɗakin tiyata, marasa tsakuwa kashi 25, kuma munanan matsaloli sun taru ne a wajen masu tsakuwar. Da aka ci gaba da bibiyarsu, bayan shekara 3 zuwa 4 kusan rabi sun rabu da afendis ɗinsu.

A ganinmu wannan sakamako mai kyau ne, kuma ba ma cikin masu cewa duk afendis sai wuƙa. Baligi mai ƙoshin lafiya, wanda hoto ya nuna nasa bai fashe ba kuma babu tsakuwa, yana da haƙƙin a gaya masa akwai zaɓi biyu, a faɗa masa adadin nan, ya zaɓa. Ɗalibi mai jarrabawa gobe, ko mai korona da huhunsa bai saki ba, ko alhaji da ke tsakiyar aikin Hajji, magani na iya saya masa lokaci. Amma a duba abin da "magani" ke nufi a waɗannan bincike. Likitan tiyata ne ya duba mutum. An yi hoto. An fara da allurar jijiya mai kashe ƙwayoyin cutar hanji iri biyu, masu son iska da marasa sonta, kamar seftriyazon haɗe da metronidazol. Ana sake taɓa cikin da auna zazzaɓi da bugun zuciya, ana maimaita gwajin jini. Idan cikin awa 24 zuwa 48 ciwon bai ja baya ba, ko zazzaɓi ya hau, ko ciki ya ƙara tauri, sai a wuce tiyata ba jayayya, ɗakin kuma yana nan kusa. Wanda aka sallama yana ƙarasa ƙwayoyinsa har kwana 7 zuwa 10, da sharaɗin ya dawo da zarar ciwon ya motsa. Mai ciki, da tsoho, da mai garkuwar jiki mai rauni, da mai tsakuwa, ba a cika ba su wannan hanya ba. Ina haɗin wannan da ragowar Flagyl da Augmentin da wata maƙwabciya ta ciro daga jaka?

Tun 2018 hukuma ta tsananta hana sayar da irin waɗannan ƙwayoyi a saidaliyya, wato kantin magani, ba tare da takardar likita ba, da tara mai nauyi. Hakan ya rage, amma bai hana ragowar magani yawo daga ɗaki zuwa ɗaki ba, da wanda ake tahowa da shi daga gida cikin kaya. Illar rabin magani ita ce yana dusashe alamomi bai kashe ciwon ba. Zazzaɓi ya sauka, ciwon ya yi sanyi, mutum ya koma aiki, bayan kwana biyar ko mako ya dawo da dunƙulen mugunya. Voltaren da Brufen ma haka suke rufe zazzaɓi da zafi, ga su da cin bangon tumbi da wahalar da ƙoda ga wanda amai ya riga ya busar. A asibiti ana ba mai afendis maganin ciwo mai ƙarfi tun kafin a gama bincike, kuma hakan ba ya ɓata ganewar likita, don haka ba cewa muke a bar mutum yana murƙususu ba. Bambancin shi ne can ana ba shi ana kallonsa.

Wanda ya fi damunmu shi ne sanamaki, ganyen nan na wankin ciki. Kusan kowane gida a Makka akwai shi, kuma da an ce ciki ya ɗaure, shi ake jiƙawa. Mai afendis sau da yawa yana jin kamar in ya yi bayan gida zai samu sauƙi, sai a ba shi kofi guda. Sanamaki yana tilasta wa hanji motsi da ƙarfi, a daidai lokacin da bangon afendis ya yi laushi yana gab da hujewa. Duk wani maganin wankin ciki, da kanwa, da tura ruwa ta dubura, hukuncinsu ɗaya. Haka gasa wurin da ruwan zafi, da murza ciki, da ƙaho ko sakiya a kan mara. Zamzam da addu'a ba wanda ya hana, a kurɓa kaɗan a tofa a kama hanya.

Akwai wata yaudara da ciwon kansa ke yi, wadda ta cuci mutane da yawa a lokacin kulle. Sa'ad da afendis ya huje, matsin da ke cikinsa yana sauka, sai mara lafiya ya ji sauƙi na 'yan awoyi. Gida ya yi hamdala. Bayan haka ciwon ya dawo ya mamaye cikin duka, ciki ya yi tauri, mutum ya kwanta shiru ba ya son ko a taɓa gadon, zazzaɓi ya haura 39, zuciya na gudu, fitsari ya ragu. Sauƙin da ya zo farat ɗaya bayan kwana biyu ana ciwo, dalilin gaggawa ne.

Annobar ta kuma rikita ganewa. Korona kanta tana zuwa da ciwon ciki da amai da gudawa, har wani lokaci ba tari. Daga Afrilun 2020 likitocin yara suka fara ba da rahoton wani kumburin jiki da ke kama yara makonni 2 zuwa 6 bayan korona: zazzaɓi mai naci, ciwon ciki mai tsanani har a ƙasan dama, jan ido, ƙuraje, fashewar leɓe, wani lokaci zuciya ta raunana. An buɗe cikin wasu yaran aka tarar afendis lafiya lau. Wannan ba wuƙa yake so ba, maganin kwantar da garkuwar jiki yake so da duba zuciya. Mu a nan muna da namu ƙarin. Zazzaɓin dengi ya zauna a Jidda tun 1994, yana kuma Makka, yana kawo ciwon ciki mai kama da afendis, alhali ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun faɗi, yanka a wannan hali haɗari ne. Sikila tana da yawa a cikinmu, kuma tashinta na iya kama ciki. Wanda ya dawo daga gida kwanan nan, a duba maleriya da taifot. Duk macen da ke shekarun haihuwa sai an yi mata gwajin ciki, ko tana da aure ko ba ta da shi, don cikin da ya zauna a wajen mahaifa in ya fashe yana kashewa cikin awoyi. Muna roƙon iyaye da mazaje kada su ɗauki wannan gwaji a matsayin zargi, ƙa'ida ce ga kowa. Yaro namiji kuma a duba marainansa, don murɗewarsu na iya farawa da ciwon mara, kuma awa 6 ne kawai damar ceto.

Ga wanda ya isa ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, abin da zai taimaki likita shi ne a faɗa masa ƙarfe nawa ciwon ya fara, daga ina ya fara, ina ya koma, me aka sha, yaushe aka ci abinci na ƙarshe. A faɗi gaskiyar abin da aka sha, har sanamakin. Daga lokacin da aka yanke shawarar tafiya a daina ci, don ana son awa 6 babu abinci, awa 2 babu ruwa kafin a sa mutum barci, saboda kada abin da ke tumbi ya kwararo cikin huhu. Za a ɗebi jini a ga fararen ƙwayoyi, waɗanda sukan haura 10,000, a duba fitsari. Likitoci da yawa na amfani da ma'aunin Alvarado na 1986 mai maki 10: maki biyu-biyu ga zafin ƙasan dama da hauhawar fararen ƙwayoyin jini, sauran alamomi shida maki ɗai-ɗai. Daga 7 zuwa sama zato ya yi ƙarfi, ƙasa da 5 ya yi rauni. Yara da masu ciki da sikanin ake fara musu, ana neman afendis da kaurinsa ya wuce milimita 6 kuma ba ya lotsawa in an danna. Sikanin da bai ga afendis ba bai wanke shi ba, ƙiba ko iska a hanji na iya ɓoye shi. Manya hoton siti ya fi, shi ne ke nuna tsakuwa da mugunya da huji. Mai tsohon ciki kuwa ciwon na iya hawowa sama da inda aka saba, don mahaifa ta ture hanji, kuma fashewar afendis ta fi tiyatar haɗari ga abin da ke cikinta.

Idan bai fashe ba, aikin bai cika kai awa ɗaya ba. Allurar kashe ƙwayoyin cuta guda ɗaya cikin awa ɗaya kafin yanka, a ɗaure jijiyarsa, a ɗaure gindinsa, a yanke, a fitar da shi cikin 'yar jaka don kada ya shafi fata. Ba a bukatar ƙarin ƙwayoyi bayan haka. Mutum ya sha ruwa a ranar, ya tafi gida washegari ko jibi, ya guji ɗaukar kaya mai nauyi na makonni 2 zuwa 4. Idan ya fashe kuwa labari ya canza. Likita zai tarar da hanji ya manne da juna, kitsen da ke lulluɓe hanji ya naɗe wurin, ruwa mai wari ya taru a ƙashin ƙugu, gindin afendis ɗin ya yi laushin da zare ke yanka shi. Wani lokaci dole a bar kyamara a buɗe ciki, jefi-jefi har a yanke wani sashe na babban hanji. Sai a zuƙe mugunyar, a ci gaba da allurai kwana 3 zuwa 5, ko fiye in zazzaɓi ya ƙi sauka. Hanji na iya yin kwanaki bai motsa ba, a sa roba ta hanci. Wurin ɗinki na iya yin ruwa. Tsakanin kwana 5 zuwa 10 sabuwar mugunya na iya taruwa a ciki, alamarta zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da gudawa, da rashin cin abinci. Shekaru bayan haka mannewar hanji na iya toshe shi. Wanda ya zo bayan kwana biyar ko fiye da dunƙule a gefen dama, sau da yawa ba a taɓa afendis ɗin a lokacin, don yanka cikin wannan cakuɗe na iya huda hanji. Allurai ake ba shi, in mugunyar ta wuce santimita 3 zuwa 4 a sa siririyar roba ta fata da jagorancin hoto a tsiyaye ta. Ga mai biya daga aljihunsa, kowane kwana a cikin waɗannan kuɗi ne, ga mai aikin yini kuma kowane kwana asara ce. Wanda ya ƙi zuwa don tsoron kuɗin kwana ɗaya yakan ƙare da biyan na goma.

'Yan uwa kan tayar da hankali idan an kwantar da mara lafiya da dare aka ce sai da safe za a shiga da shi. Su kwantar da hankalinsu. Wani bincike na Finlan da Norwe da Lancet ta buga a 2023 ya kwatanta waɗanda aka shirya yi wa aiki cikin awa 8 da waɗanda aka shirya yi wa cikin awa 24, aka samu fashewa kashi 8 da kashi 9 cikin 100, kusan babu bambanci. Wannan ga wanda hoto ya nuna nasa bai rikice ba ne, yana kan gado da ƙarin ruwa, ana lura da shi. Jiran sakamakon gwajin hanci na 'yan awoyi ma ba shi ne ya fasa afendis ɗin mutane a 2020 ba. Kwana biyu da ukun da aka yi a ɗaki kafin a fito su ne.

Wata annobar za ta zo, ƙasar nan ta ga ta MERS, wata cutar numfashi, tun 2012 kafin korona, kuma garin da ke karɓar miliyoyin baƙi duk shekara ba ya rabuwa da wannan barazana. Muna kira ga shugabannin al'ummar Hausawa na unguwanni da limamai da masu kula da asusun taimakon juna su sanya ciwon ciki na gaggawa cikin abin da ake tara kuɗi dominsa, su kuma san tun yanzu wa ke da mota, wa ke jin Larabci sosai, wa zai raka wanda ke tsoron fita shi kaɗai. Ma'aikacin kamfani ya nemi katin inshorarsa ya riƙe a hannu, kada ya bar shi a ofis. Mai zuwa Umara daga Najeriya ko Nijar ya sani bizarsa na ɗauke da inshorar larurar gaggawa, kada ya danne ciwo wai sai ya koma Kano. Awa biyar a jirgi da afendis mai shirin fashewa ba abin gwadawa ba ne.

Saura waɗanda aka yi wa magani ba tiyata a 2020 da 2021. Afendis ɗinsu yana nan, kuma adadin da muka kawo ya nuna kusan mutum 4 cikin 10 ciwon kan dawo musu cikin shekara 5. Su riƙe takardar sallama da rahoton hoton, su nuna wa duk likitan da ya duba su kan ciwon ciki. Wanda ya haura shekara 40 kuma nasa ya tara mugunya aka tsiyaye ba a cire ba, ya koma a duba babban hanjinsa da kyamara a kuma maimaita hoton siti, ko da yana jin garau, saboda a wannan shekarun wani lokaci ƙari ne ya toshe ƙofar tun farko. Alƙawuran komawa asibiti da yawa sun faɗa cikin watannin kulle, ba a je ba, ba a kuma sake ɗaukar wani ba. Ana iya neman sabo ta manhajar Sehhaty ko a asibitin da aka kwanta.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya Hausawa,
Makka da Jidda, Saudiyya.